Kundin aikin daidaita saƙonnin gargaɗi a sashen sadarwa na U-Boot

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Na buɗe wannan kundi ne domin abin da muka tattauna a wurin aiki kada ya tsaya a fatar baki, kuma domin wanda zai gaji aikin nan bayana ya san dalilin kowane canji, ba sai ya yi ta tambaya ba. A ɗan wurin aikinmu da ke Ikeja, kusa da kasuwar Computer Village, muna haɗa ƙananan akwatuna masu lura da batir da inbata a shaguna da ɗakunan sanyi, suna aika rahoto ta intanet. A cikin kowane akwati akwai allo mai ƙwaƙwalwar ARM, kuma manhajar da ke fara farkawa idan an ba shi wuta ita ce U-Boot, wadda aikinta shi ne ta shirya ma'adanar allon, ta nemo Linux, ta miƙa masa ragama. Sabon allo babu komai a cikinsa sai ita, saboda haka ta kebul ɗin sadarwa muke loda masa sauran manhaja: ya nemi adireshi ta DHCP, sannan ya jawo fayil daga sabarmu ta TFTP, mu kuwa muna kallon abin da yake faɗa ta kebul ɗin siriyal.

Abin da ya jawo aikin ya faru ne a watan jiya. Wani Alhaji mai ɗakin sanyi a kasuwar Mile 12 ya yi ta kira cewa akwatunan da muka sa masa suna ɓacewa daga sadarwa, musamman ranakun da wuta ta yi ta ɗaukewa ana juyawa zuwa janareta. Da muka je muka duba rautarsa, wato na'urar da ke raba wa sauran na'urori adireshin sadarwa, sai muka tarar jerin adireshin da take rabawa ya cika da na'urorin da babu su a zahiri. Ashe allunan da muka ba shi ba a rubuta musu adireshin MAC na dindindin ba, wato lambar shaidar da ake gane kowace na'ura da ita a sadarwa, shi ya sa duk lokacin da suka sake tashi U-Boot ke ƙirƙiro musu sabo da ka, rauta kuma ta ɗauka baƙo ne ya shigo, ta ba shi sabon adireshin IP, har suka ƙare.

Abin takaicin shi ne U-Boot ta faɗa mana tun suna kan teburinmu. Ta rubuta layin da ya fara da "Warning:" ya kuma ƙunshi "using random MAC address". Amma ɗan rubutun da ke tace allunan kafin su fita, wanda ni da kaina na rubuta shekara biyu da suka wuce, kalmar "WARNING" kawai yake nema da manyan baƙaƙe, domin wannan siffar na fara gani a lokacin. Laifin nawa ne, ba na kowa ba. Na gyara rubutun a ranar, sai dai na san cewa toshe rami ɗaya ne kawai muddin saƙonnin kansu kowanne da kalar rigarsa.

Alhamis, 8 ga Mayu, 2025

Kwana uku na yi ina bin fayilolin da ke cikin kundin net na kwafinmu na U-Boot da grep, wato umarnin neman kalma a cikin fayiloli, ba tare da bambanta manya da ƙananan baƙaƙe ba, ina kwafe duk layin da ke yi wa mutum magana. Ga kaɗan daga cikin abin da na samu, kowanne kamar yadda yake fita a allo:

## Warning: gatewayip needed but not set
*** Warning: no boot file name; using '...'
*** WARNING: ... is too long
Warning: ... MAC addresses don't match:
*** ERROR: `serverip' not set

Na farkon yana cikin arp.c, na biyu a tftp.c, na uku a bootp.c, na huɗu a eth-uclass.c, na ƙarshe kuma a net.c. A wajen sashen sadarwa akwai wanda duk mai aiki da U-Boot ya haddace, wato "*** Warning - bad CRC, using default environment", inda aka sa karan ɗori a gurbin ruwa biyu. Wani ya zo da taurari uku, wani da alamar # sau biyu, wani kuma tsirara. Wani da manyan baƙaƙe, wani da ƙanana. Wani ana fitar da shi da puts, wani da printf.

Ban ga abin zargi a nan ba. Manhajar ta samo asali ne daga PPCBoot, wadda Wolfgang Denk ya jagoranta, ta ɗauki sunan U-Boot a 2002, kuma tun daga lokacin hannaye masu yawan gaske daga kamfanoni da ƙasashe daban-daban suka taɓa ta. Ƙa'idojin da sashen yake aiwatarwa ma sun girme ta, domin ARP na 1982 ne, BOOTP na 1985, takardar TFTP da ake bi ta 1992, ta DHCP kuma ta 1997. Duk wanda ya ƙara saƙo ya kwaikwayi na kusa da shi a fayil ɗin da yake ciki, ko kuma ya bi son ransa, kuma ga mutum guda da ke zaune yana karanta allo da idonsa babu wata illa a ciki. Illar tana bayyana ne idan na'ura ce ke karantawa, ko kuma idan alluna 8 ne ke magana a lokaci guda kamar yadda suke yi a teburinmu.

Talata, 13 ga Mayu, 2025

Na ɗauka aikin zai tsaya ne a kan taurari da baƙaƙe, sai ga shi yau mun shafe rabin yini a kan wata tambaya da ta fi wannan nauyi, wato mene ne gargaɗi kuma mene ne kuskure. Babban injiniyanmu, wanda ya girme ni a shekaru da kuma aikin, shi ya tayar da zancen da ya ga jerin da na rubuta.

Ya ce, "Malam, idan ka sa musu kaya iri ɗaya alhali ba ka san wane ne ɗan gida wane ne baƙo ba, ai ka ƙara ɓoye matsalar ne."

Na ce, "Gaskiya ne, Yallaɓai, to da wane ma'auni za mu raba su?"

Ma'aunin da muka tsaya a kai shi ne wannan: idan umarnin da aka ba allo ya tsaya cik bai cika ba, kuskure ne, idan kuwa ya ci gaba amma ta hanyar da ba ita mai umarnin ya zaɓa ba, gargaɗi ne, sauran duka labari ne kawai, ba su buƙatar kowace alama. Da wannan ma'auni wasu suka zauna a gurbinsu ba gardama. Rashin serverip, wato adireshin saba, kuskure ne, domin TFTP ba ta san inda za ta nufa ba, nan take take tsayawa. Rashin sunan fayil gargaɗi ne na gaske, domin U-Boot ba ta tsayawa, sai ta haɗa suna daga adireshin IP na allon a lissafin heksa, ta yadda allonmu mai 192.168.1.50 zai nemi C0A80132.img, kuma idan aka yi rashin sa'a akwai tsohon fayil mai wannan suna a saba, shi za a loda ba tare da kowa ya nema ba. Haka nan saƙon bootp.c da ke cewa suna ya yi tsawo an datse shi: aiki ya ci gaba, amma da guntun abin da sabar DHCP ta aiko.

Wanda ya ba mu wahala shi ne na gatewayip, wato adireshin ƙofar fita zuwa wani rukunin adireshi. Idan saba ba ta cikin rukunin adireshi ɗaya da allo kuma ba a faɗi ƙofar fita ba, U-Boot takan yi gargaɗi, sannan ta aika tambayar ARP, wadda ake neman adireshin MAC na na'ura da ita, kai tsaye da adireshin sabar, ko da wani zai amsa. Yawanci babu mai amsawa, sai a ƙare da gazawa bayan an yi ta jira. Shi Yallaɓai yana ganin tunda ƙarshensa gazawa ce a mayar da shi kuskure tun farko a huta. Ni kuma na ce a lokacin da ake rubuta saƙon aiki bai tsaya ba, kuma akwai rautocin da ke amsa ARP a madadin na'urar da ke bayansu, saboda haka wani lokacin loda fayil ɗin yakan yi nasara. Mun bar shi a gargaɗi. Na kuma roƙi cewa a wannan aikin kada mu taɓa halayyar manhajar ko kaɗan, mu tsaya ga abin da take faɗa kawai, domin faci, wato ƙunshin gyaran da ake ɗora wa manhaja, idan ya haɗa gyaran lafazi da canjin aiki yana da wuyar dubawa, yana da wuyar warwarewa idan ya kawo matsala.

Akwai kuma "Retry count exceeded; starting again", wanda ba shi da wata alama a gabansa ko ɗaya. Ko ya sake farawa ko ya haƙura ya dogara ne ga saitin netretry, wato saƙon da kansa ba koyaushe yake faɗar abin da zai biyo baya ba. Na ajiye shi gefe tukuna.

Juma'a, 16 ga Mayu, 2025

Kafin mu tashi zuwa masallaci mun amince da siffa guda. Kowane gargaɗi zai fara daga farkon layi da "Warning:", sai sunan ɓangaren da ke magana da ƙananan baƙaƙe, kamar arp ko tftp ko dhcp ko eth, sai ruwa biyu, sai jikin saƙon. Babu taurari, babu aya a ƙarshe. Kuskure ma haka, da "Error:". Jikin saƙon kuwa ba za mu canza masa kalma ba, domin idan ma'aikaci ya kwafi "gatewayip needed but not set" ya nema a intanet zai tarar da bayanan mutanen da suka sha wannan matsala shekaru da dama, kuma ba mu da dalilin raba shi da wannan taska.

Ƙaramin ma'aikacinmu, wani yaro mai kaifin kai da ke zuwa daga Agege, ya tambaya ko ba za a mayar da saƙonnin Hausa ba tunda mun riga mun buɗe su. Na ji daɗin tambayar, amma na ce masa a'a, domin a teburin lodi akwai abokan aikinmu Yarabawa da Inyamurai, kuma dalilin neman bayani a intanet da na faɗa ya shafi wannan ma. Abin da za a rubuta da Hausa shi ne takardar da za a manna a bango, mai bayyana ma'anar kowane saƙo da abin da ya kamata a yi idan an gan shi, kuma shi na ɗora wa rubuta ta.

Laraba, 21 ga Mayu, 2025

Yau na faɗa ramin da ya kamata in hango. U-Boot tana da tsarin matakan saƙo irin na Linux da syslog, inda 0 ke nufin halin gaggawa, 3 kuskure, 4 gargaɗi, 6 labari, 7 kuma bayanin masu neman ɓaraka. Tunda akwai pr_warn a shirye, wato aikin da ke fitar da saƙon mataki na 4, sai na ga babu abin da ya fi dacewa kamar in mayar da duk gargaɗin sashen sadarwa kansa. Na yi hakan a arp.c da tftp.c, na gina, babu ƙorafi ko ɗaya daga mai tarawa, wato manhajar da ke mayar da rubutunmu harshen na'ura, na loda a allo, na goge sunan fayil da gangan domin in ga sabuwar siffar.

Allon bai ce komai ba. Ya wuce kai tsaye yana neman C0A80132.img kamar babu abin da ya faru.

Na ɗauki kusan awa guda ina zargin kebul da zargin cewa tsohon gini na loda, kafin in buɗe fayil ɗin da aka fayyace pr_warn a ciki. Sharaɗinsa shi ne saitin CONFIG_LOGLEVEL ya zarce 4, a namu ginin kuwa yana kan 4 daidai, wato saƙon da matakinsa ya gaza 4 ne kaɗai ake shigarwa cikin manhajar. Na tabbatar da hakan da umarnin strings a kan fayil ɗin da aka gina, na ga jimlar ba ta ma cikinsa. Mai tarawa ya zubar da ita tun a hanya. Da ban gwada a kan allo ba, da na kawar da gargaɗin gaba ɗaya da sunan gyara shi, kuma rubutun tacewa zai riƙa ba kowane allo shaidar lafiya, wanda ya fi abin da ya faru a Mile 12 muni, domin a can aƙalla saƙon yana nan, mu ne ba mu gan shi ba.

Hanya biyu ce a gabana. Ko in ɗaga saitin zuwa 5, wanda zai farkar da duk wani pr_warn da ke kwance a direbobi da sauran sassa, girman manhajar ya ƙaru, allo ya cika da surutun da ba mu tantance ba, ko kuma in rubuta ɗan aiki namu na kanmu da ke kiran printf kai tsaye ba tare da duba mataki ba. Na zaɓi na biyu, na sa masa suna net_warn, da ɗan'uwansa net_error. Dalilina shi ne waɗannan saƙonni amsa ce ga mutumin da ya buga umarni yana jira, kuma tun asali babu saitin da ke kashe su, saboda haka mayar da su ƙarƙashin mataki canjin halayya ne, abin da muka ce ba za mu yi ba.

Talata, 27 ga Mayu, 2025

Ruwan da aka wayi gari da shi ya sa ban iso Ikeja ba sai wajen sha ɗaya, amma jiran da na yi a cikin mota ya ba ni damar tunani a kan abin da ya dame ni tun jiya, wato sabon layin da wasu saƙonni ke farawa da shi.

Lokacin da TFTP ke jawo fayil takan rubuta "Loading:" sannan ta riƙa jera alamar # a layi ɗaya yayin da ƙunshin bayanai ke isowa, idan kuma jira ya wuce wa'adi ta sa T. A wannan hali alƙalamin allo yana tsakiyar layi, kuma duk saƙon da ya faɗo zai manne da jelar alamomin idan bai fara da sabon layi ba. Shi ya sa waɗanda suka gabace mu suka sa sabon layi a gaban wasu saƙonni, ciki har da na adireshin MAC, wanda ke fitowa bayan an rubuta "Net:" a lokacin tashi. Ni kuwa a facina na farko na share su duka, ina ganin datti ne. Sakamakon shi ne layi irin wannan, da na gani jiya da na zare kebul ana tsakiyar lodi: alamomin # guda ashirin da wani abu, T uku, sannan "Error:" a manne da su, rubutun tacewa kuma, da yanzu yake neman kalmar a farkon layi kawai, ya wuce shi.

U-Boot ba ta riƙe lissafin inda alƙalami yake a layi ta yadda sashen sadarwa zai tambaya, kuma ƙirƙiro wannan lissafi yana nufin taɓa sashen da duk rubutu ke bi, abin da ya fi ƙarfin wannan aiki. Na fara tunanin sa wa net_warn sabon layi a gaba koyaushe, amma hakan zai bar layuka fanko a wuraren da ba a buƙata, kuma ma'aikatan da ke kallon taga 8 a allo ɗaya kowace taga layukanta ƙididdigaggu ne. Abin da na yi a ƙarshe shi ne barin hukuncin ga mai kira: inda na san ana tsakiyar layi, ana fitar da sabon layi a fili kafin a kira net_warn, da ɗan sharhi a gefe mai faɗin dalili. Ya fi tsawo a rubuce, amma mai karatu yana ganin niyyar. Na kuma tuna wa kaina cewa puts na U-Boot ba ya ƙara sabon layi a ƙarshe kamar na harshen C da aka saba, don haka kowane wurin da na mayar daga puts sai da na duba jelarsa da ido.

Litinin, 2 ga Yuni, 2025

Ƙa'idar da muka kafa ta cewa ba za a taɓa jikin saƙo ba, ni ne na fara karya ta. Saƙonnin net.c suna kewaye sunan saiti da tsohuwar siffar alamar zance, mai karkata a farko da miƙaƙƙiya a ƙarshe, kamar yadda yake a `ipaddr', alhali na tftp.c yana amfani da miƙaƙƙu biyu. Idona ya kasa haƙuri da wannan, na mayar da su duka miƙaƙƙu, ina cewa ai ba kalma na canza ba.

Da safiyar yau yaron Agege ya same ni ya ce, "Yaya, injin lodi na biyu ya tsaya tun ɗazu, ba ya gaba ba ya baya." Ashe akwai wani tsohon rubutu a wannan kwamfutar, wanda ban san da shi ba, da ke jiran ainihin jimlar rashin ipaddr harafi da harafi domin ya san lokacin da zai sake neman adireshi ta DHCP. Da jimlar ta canza sai ya zauna yana jiran abin da ba zai zo ba. Ko ban taɓa alamar zancen ba, cire taurarin kaɗai ya isa ya karya shi, don haka kuskurena na gaskiya shi ne rashin bin duk kwamfutocin wurin aiki in tattara masu sauraron waɗannan saƙonni kafin in fara. Na yi hakan yau, na sami rubutu uku, na mayar da su duka suna karanta jerin saƙonni daga fayil guda. Alamar zancen kuwa na bar ta a miƙe, tunda ɓarnar ta riga ta faru kuma injin bincike na intanet bai damu da ita ba.

Wannan ya sa na koma na duba gwaje-gwajen da U-Boot ke zuwa da su a test/py, waɗanda su ma karanta allo suke yi. Na sadarwa suna neman jimloli irin su "DHCP client bound to address" da "is alive" da "Bytes transferred =", dukkansu saƙonnin nasara ne da ba mu taɓa ba, kuma na rubuta a saman takardar aikin cewa kada a taɓa su.

Na raba aikin zuwa faci shida: ɗaya mai kawo net_warn da net_error, sauran kuma kowane fayil da nasa. Da na bi su da checkpatch.pl na tarar wasu layuka sun zarce gurbi 80, amma ban yanka jimlar saƙo gida biyu ba, domin ƙa'idar rubutun da U-Boot ta gada daga Linux ta hana yanka jimlar da mai amfani ke gani, saboda wanda ya ga saƙo a allo ya iya nemo shi da grep a dunƙule. Bayan makon da na yi ina wannan neman da kaina, ba na buƙatar a lallashe ni a kan hikimar wannan ƙa'ida.

Laraba, 11 ga Yuni, 2025

An dawo daga hutun Babbar Sallah. Na auna girman manhajar kafin facin da bayansu, bambancin bai kai a damu da shi ba, har ma ya ɗan ragu, domin kalmar "Warning:" yanzu sau ɗaya take zaune a ma'adana maimakon a maimaita ta a kowace jimla. Matakin farko na tashi, wato SPL, wanda shi ne ke cikin ƙuncin wuri, ba mu kunna masa sadarwa ba, don haka bai shafe shi ba.

Saƙon rashin jituwar adireshin MAC shi kaɗai ya ƙi shiga ƙa'idar layi ɗaya, domin bayan gargaɗin yana kawo adireshin da ke cikin na'ura da wanda ke cikin saitin muhalli, kowanne a layinsa, kuma jera su sama da ƙasa shi ke sa ido ya kama bambancin bayit 6 da wasu 6 cikin sauri. Na bar shi da layi uku, na tura biyun ƙarshe ciki da gurbi biyu domin a san ci gaba ne.

Gargaɗin gatewayip yana maimaita kansa duk lokacin da aka sake aika tambayar ARP, wato bayan kowace daƙiƙa 5 a saitinmu, har a gaji. Yallaɓai ya so a sa ya fito sau ɗaya kawai. Na yarda cewa zai fi kyau, amma yana buƙatar a ajiye alamar tuni da za a riƙa gogewa a farkon kowane umarni, wannan kuwa canjin halayya ne, don haka na rubuta shi a jerin ayyukan gaba.

Talata, 17 ga Yuni, 2025

Mun gwada alluna 8 a teburin lodi, kowanne da lahanin da muka sa masa da gangan: ɗaya babu adireshin MAC, ɗaya adireshinsa biyu sun saɓa, ɗaya babu sunan fayil, ɗaya an ba shi saba a wani rukunin adireshi ba tare da ƙofar fita ba, ɗaya sabar DHCP ta aiko masa da suna mai tsawon da ya wuce kima, ɗaya an zare masa kebul ana tsakiyar lodi, biyu kuma lafiyayyu. Rubutun tacewa ya tsayar da shida, ya saki biyu. Yanzu duk allon da ya furta layin da ya fara da "Warning:" ko "Error:" ba ya fita sai mutum ya duba ya sa hannu, kuma takardar bango ta Hausa ta hau, bayan na gyara mata wuri biyu inda aka kira gargaɗi kuskure.

"Retry count exceeded" na sa shi a gargaɗi idan netretry zai sa a sake farawa, kuskure kuma idan ba zai sa ba, ba tare da canza abin da manhajar ke yi ba. Wannan ne kaɗai wurin da na ƙara sharaɗi, kuma na keɓe masa facinsa domin a iya cire shi shi kaɗai.

Abin da ya rage yana da yawa. Direbobin da ke drivers/net suna da nasu saƙonnin, musamman na jiran haɗuwar kebul, ban taɓa ko ɗaya ba, kuma direba ɗaya kawai allonmu ke amfani da shi, shi zan fara bi. Gargaɗin bad CRC yana wajen sashen sadarwa, amma tunda kowane sabon allo yana furta shi a tashin farko kafin a adana saitin muhalli, rubutun tacewa yana buƙatar ya san cewa sau ɗaya halal ne, na biyu kuwa alamar filash mai matsala ce. Akwai kuma batun sabuntawa, domin U-Boot tana fitar da sabon zubi duk wata uku, kuma daga zubin 2025.01 an shigo da lwIP a matsayin zaɓi na biyu na sashen sadarwa, da nasa fayilolin da nasa lafazin. Duk ranar da muka matsa gaba, facin nan bakwai sai an sake ɗora su da hannu a duk inda asalin ya motsa, don haka na fara tsabtace na farkon da na arp.c domin a miƙa wa masu kula da manhajar, ko za su karɓa. Jibi Alhamis zan koma Mile 12 da kwamfuta da kebul ɗin siriyal in sabunta akwatuna huɗun da ke ɗakin sanyin Alhaji, in kuma share matattun adireshin da suka rage a rautarsa.